Dandamalin Katako a Jikin Bango: A Bar wa Ƙasa Nauyinta

A Mubi abubuwa biyu ne suka fi sa mutum ya kira kafinta ya kafa masa dandamalin katako a jikin bango. Na farko ruwa. Wanda ya samu ya haƙa bohol, ko wanda ya gaji da jiran 'yan ga-ruwa kullum, yana son tankinsa ya hau sama don ruwa ya sauko famfo da kansa. Na biyu hatsi. Ɗan kasuwar da ke sayen masara da wake da gyaɗa da kaka daga ƙauyukan gindin duwatsun Mandara yana neman inda zai jibge buhuna a cikin shago ko sito, sama da daɓe, nesa da danshi. Akwai kuma baranda ta shan iska a gidan sama, amma ita ba ta kai waɗannan yawa ba. A dukkansu aikin da aka saba gani iri ɗaya ne: a kwantar da katako a jikin bango a buga masa ƙusoshin kankare, a kafa ƙafa biyu a waje, a jera katako a tsakani, a rufe da falanki. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne wannan tsari bai dace da kaya mai nauyi ba. Dandamalin da zai ɗauki tanki ko buhuna ya kamata ya tsaya da ƙafafunsa huɗu a ƙasa, bango kuwa aikinsa kawai ya hana shi rangaji.

A fara da lissafi, domin yawancin kuskuren daga rashin yin sa yake tasowa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika ya zama tan biyu, ban da nauyin robar kansa da na katakon da ke ƙarƙashinsa. Gindin irin wannan tanki bai cika kai mita ɗaya da rabi a faɗi ba, wato kowace murabba'in mita a ƙarƙashinsa tana ɗauke da kilo 1,300 ko fiye. A Amurka, inda ake yawan gina baranda ta katako a bayan gida kuma aka daɗe da rubuta mata ƙa'ida, abin da ake lissafa wa barandar zaman mutane bai wuce kilo 200 a murabba'in mita ba. Tankin namu ya ninka wannan sau shida zuwa bakwai. Hatta jagorar da masu sana'ar katako na can suka fitar ta faɗi ƙarara cewa bahon wanka mai cin ruwa da yawa ya fi ƙarfin lissafinta, sai an kira injiniya. Hatsi ma haka. Buhun masara cikakke kilo 100 ne, buhu ashirin tan biyu ke nan, kuma babu ɗan kasuwar da zai ga sarari a sama ya ƙi ƙara buhu. Wanda ya ce wa kafinta buhu goma zai ɗora, to a yi masa lissafin ashirin.

Sai kuma a tambayi ina nauyin yake bi. Idan haƙarƙarin dandamali, wato katakan da aka jera a ƙarƙashin falanki, sun ɗora kai ɗaya a bango ɗaya a kan ƙafafun waje, kuma kayan yana tsakiya daidai, bango ya ɗauki rabi. Amma ba a cika ajiye kaya a tsakiya ba. Kowa bango yake matsar da tankinsa, don a ganinsa can ne ƙarfi yake, kuma buhuna ma jingina su ake yi da bango. Da zarar tsakiyar kayan ta koma kashi ɗaya cikin uku na tazarar daga bango, kashi biyu cikin uku na nauyin ya koma kan wannan katako guda da ƙusoshinsa. Daga tan biyu, sama da kilo 1,300 ke rataye a kan ƙusoshi goma ko sha biyu. Mafi muni shi ne dandamalin da ba shi da ƙafa ko ɗaya, wanda aka tokare da katako a karkace daga jikin bango. Tan ɗaya da tsakiyarsa ta yi nisan santimita 75 daga bango, idan tazarar da ke tsakanin maɗaurin sama da gindin tokarin rabin mita ce, yana fizgar maɗaurin saman da ƙarfin tan ɗaya da rabi, kuma fizgar waje yake yi, ta inda ƙusa ba ta da abin kamawa.

Bulon siminti an yi shi ne don a danne shi daga sama. Macen da ke ɗauke da tulu a ka tana iya tafiya mai nisa da shi, amma a ba ta rabin ruwan a bokiti ta riƙe da hannu a miƙe, ba za ta jima ba. Haka bango yake. Bulo mai inci tara ciki rami ne, fatar da ke tsakanin waje da ramin ba ta wuce inci biyu ba, mai inci shida kuwa ta fi haka siranta. Ƙusar kankare mai inci huɗu da ta ratsa katako mai inci biyu da filasta, abin da ya rage mata ta kama bai taka kara ya karya ba, kuma bugun guduma da ya shigar da ita ya riga ya farfasa yashin da ke kewaye da ita. Ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta ce bulon da zai ɗauki nauyi ya jure kusan kilo 35 a kan kowace murabba'in santimita. Duk wanda ya taɓa sauke bulo daga mota ya ga yadda gefensa ke marmashewa a hannu ya san cewa da yawa daga abin da ake bugawa bai kai nan ba, domin buhun siminti ɗaya ake miƙewa ya fitar da bulo fiye da ƙima, kuma ba a ba shi ruwa kwanakin da ya kamata. A Mubi akwai ƙarin abin lura. Shaguna da gidaje da dama an gyara su ne bayan farmakin da aka kai wa garin a ƙarshen 2014, kuma bangon da wuta ta taɓa ci aka sake masa filasta da fenti yana nan da kyan gani, amma simintin da ke cikinsa ya riga ya saki.

Za a ce, ai kakanninmu sun yi ta dasa itace a cikin bango, kuma gine-ginensu sun yi shekaru aru-aru. Gaskiya ne, sai dai abin da suka yi ya goyi bayan maganata ne. Maginin gargajiya yana ɗora azara a kan bangon tubali mai kauri, ya ci gaba da gini a samanta, nauyin rufi ya danna bango daga sama ya bi ta cikinsa zuwa ƙasa. Bai taɓa rataye soro a fuskar bango ba. Ya kuma san iyakar azararsa: ba ya barin ta ta tsallake fiye da kamu huɗu ko makamancin haka ba tare da wani abu ya tallafe ta ba, shi ya sa ɗaki mai faɗi yake samun ginshiƙi a tsakiya ko bakan gizo. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 ginshiƙai da bakuna ne suka ɗauke rufinsa. Ga shi kuma azarar giginya gara ba ta cika damun ta ba, bangon ƙasa kuma yana shan danshi ya fitar. Wanda ya fasa rami a bulon siminti ya cusa kan katakon kasuwa ya toshe da kwaɓi bai yi koyi da su ba. Ya raunana bangon, ya kuma binne kan katakon a wurin da ruwa zai shiga ya ƙi fita, inda ido ba zai ga ruɓewarsa ba sai ranar da ya karye.

Wani zai ce na maƙwabcinsa da ƙusa aka kafa, ga shi shekara da shekaru bai motsa ba. Tsayuwar da ya yi zuwa yau ba ta nuna saura nawa ya rage masa ba. Katako yana da wata ɗabi'a da ƙarfe ba shi da ita: nauyin da zai ɗauka na minti biyar ba zai ɗauke shi na shekara goma ba. Idan aka bar kaya a kansa dare da rana, abin da zai jure a ƙarshe bai fi kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa na ranar farko ba, kuma yana ta lanƙwasa a hankali. Yanayin Mubi yana ƙara masa. Daga Mayu zuwa Oktoba katako yana shan ruwa ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya tsuke, kowace shekara ramin ƙusa yana ƙara faɗi. Irin wannan haɗi ba ya yin gargaɗi. Katakon da ya yi ƙanƙanta zai lanƙwashe kowa ya gani, amma ƙusa idan ta tashi zarewa, ɗaya ta saki ta bar wa na kusa da ita kayanta, cikin ƙiftawar ido duk sun bi. A birnin Shikago a watan Yuni na 2003 barandar katako ta hawa na uku ta rufta da mutanen da suka taru a kanta ana biki, mutum 13 suka rasu. A Bakli ta jihar Kalifoniya a watan Yuni na 2015 wata baranda ta karye daga gindinta, ɗalibai shida suka rasu a ranar, yawancinsu 'yan ƙasar Ailan, bincike kuma ya nuna ruwa ne ya shiga inda katako ya haɗu da gini ya ruɓar da shi a ɓoye, alhali ginin bai kai shekara goma ba.

To yaya ake yi? Aikin daga ƙasa yake farawa. A auna wurin a fitar da ramuka huɗu, biyu a waje, biyu kusa da bango, tsakaninsu da shi kamar taƙi ɗaya ko biyu. Kowane rami ya yi rabin mita a kowane gefe, a haƙa har sai an wuce ƙasar cike an tarar da ƙasa ta asali mai tauri. Ramukan da ke kusa da bango kada su zarce gindin harsashin gidan a zurfi, don kada a kwashe ƙasar da gidan ke zaune a kai. A guji kan shadda da sokawe da tsohuwar rijiyar da aka cike. A unguwannin da ke gangaren kogin Yadzaram, inda ƙasa ke jiƙa ta yi laushi da damina, a ƙara faɗin ramin. Dalilin wannan wahala a fili yake. Ƙafa mai inci huɗu a kowane gefe da ke ɗauke da kilo 600, idan aka dasa ta a ƙasa tsirara, tana danna kowace murabba'in santimita da kilo shida, kuma ƙasar tsakar gida ba ta jure haka idan ta jiƙa. A kan kankare mai rabin mita a kowane gefe, dannawar ta sauko ƙasa da rubu'in kilo. Kwaɓin shi ne wanda birkiloli suka sani, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A ɗaga kan kankaren sama da daɓe kamar taƙi ɗaya, a dasa ƙarfe mai baki biyu a cikinsa tun yana ɗanye, wanda ƙafar za ta zauna a ciki a ɗaure ta da bol. Mai walda zai haɗa shi cikin ɗan lokaci. Kada a binne katakon a cikin kankare, domin nan gara da danshi suke fara cin sa. A yi ta ba kankaren ruwa mako guda, kuma kada a ɗora cikakken kaya sai ya kusa wata, don sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa.

Zaɓen katako yana son mutum ya je kasuwar da kansa. Loko da maɗaci suna da ƙarfi, kuma loko yana jure ruwa da gara. Farin katako mara nauyi irin wanda ake yin silin da akwatin zuba kankare da shi ba shi da wuri a wannan aiki. A ɗaga a ji nauyinsa, a duba tsawonsa ta gefe a ga ko ya karkace, a ƙi wanda ke da babban ƙulli ko tsaga a tsakiya, musamman a gefen da zai kalli ƙasa. A kuma tafi da tef, domin abin da ake kira tu-bai-sikis sau da yawa bai cika inci biyu da inci shida ba. Ƙarfin katako a tsayinsa yake. Tu-bai-sikis da aka kafa a kan gefensa ya ninka wanda aka kwantar sau uku, kuma ya fi tu-bai-fo fiye da ninki biyu, ko da yake inci biyu kacal ya ɗara shi. Tazara kuwa maƙiyiya ce: a ninka ta sau biyu a cika ta da kaya, wahalar da katakon ke sha ta ninka sau huɗu. Ga tanki mai lita 2,000 a kan dandamalin da bai wuce mita ɗaya da rabi a kowane gefe ba, ƙafafu fo-bai-fo na katako mai ƙarfi, bim biyu (katakan da ke hawa kan ƙafafu su ɗauki haƙarƙari) kowanne tu-bai-sikis biyu da aka haɗe da bol, da haƙarƙari tu-bai-sikis a tsaye a jere kowace santimita 30, sun wadatar. Falankin sama ya zama a miƙe sumul ba kan ƙusa a waje, domin tankin roba yana son gindinsa duka ya zauna. Kafin a haɗa komai a shafe kowane katako da maganin gara irin su Solignum, a fi ba da ƙarfi a bakin da zarto ya yanka, don ta nan katako ke shan ruwa. Baƙin mai da ake shafawa ya fi babu, amma bai kai magani ba.

A wajen haɗawa ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da komai: katako ya hau kan katako. Bim ya zauna a kan ƙafa, ko a yanke wa ƙafar kafaɗa bim ya zauna a ciki, sannan a ratsa su da bol mai milimita 12. Haƙarƙari su hau kan bim. Idan aka yi haka, ko da duk ƙusoshin sun yi tsatsa, nauyin yana da hanyar da zai bi zuwa ƙasa. Kafinta mai sauri yakan manna bim a gefen ƙafa ya buga ƙusa huɗu, wato ya mayar da kuskuren bango zuwa kan ƙafa. Sai tokari. Ƙafa huɗu a tsaye da kaya a sama suna iya kwantawa gefe guda gaba ɗaya, don haka kowane gefe yana buƙatar katako a karkace daga gindin wannan ƙafa zuwa kan waccan, a ɗaure da bol. Idan tsayin zai wuce mita biyu da rabi zuwa uku, ni a ganina a bar katako, a kira mai walda ya yi ƙafafun ƙarfe, ko a gina ginshiƙan kankare da rodi.

Sai yanzu bango ya shigo. Tambaya ce mai ma'ana a ce, tunda dandamalin ya tsaya da kansa, me ya sa za a taɓa bangon? Saboda iska da girgiza. Guguwar farkon damina a wannan yanki tana ɗaye kwano, kuma tankin da ya yi rabi ruwan cikinsa yana kaɗawa ya tura dandamalin gefe. Ɗauri biyu ko uku a jikin gini suna kashe wannan rangaji, kuma ƙarfin da suke ɗauka kaɗan ne idan aka gwada da nauyin kayan. Wurin ɗaurin shi ne kankare, wato linta ko filar da aka zuba da rodi. A gidaje da yawa linta ta zagaye ginin duka a saman tagogi, a wasu kuwa kan ƙofa da taga kaɗai aka zuba, don haka a ƙwanƙwasa a ji, ko a kankare filasta kaɗan a gani. A huda da injin huda a tsakiyar lintar, nesa da gefenta, idan bakin injin ya ci karo da rodi a matsa, kada a yanke shi. Mafi aminci shi ne dogon bol da zai ratsa bangon ya fito ta cikin ɗaki, a sa masa farantin ƙarfe mai faɗin tafin hannu kafin noti, yadda duk abin da zai fizge shi sai ya fizgo bangon gaba ɗaya. Bol mai buɗewa a cikin rami yana aiki a kankare mai kyau, amma a bulo mai rami ba shi da abin da zai tokara, yana ma iya fasa shi. Wata dabara ƙarama: ramin da bol zai bi a jikin katakon a ɗan tsawaita shi sama da ƙasa, don idan sababbin ƙafafun suka ɗan zauna a shekarar farko, dandamalin ya sauka da su ba tare da ya rataya a bangon ba.

Akwai inda ƙafafun ciki ba za su yiwu ba, kamar a saman ƙofar shago ko lungun da mota ke wucewa. Wannan uzuri ne na gaske, kuma amsarsa ba ta da daɗi: a rage kayan, a kuma kira wanda zai yi lissafi. Idan har katakon bango zai ɗauki nauyi, to ya zama a jikin lintar da ta zagaye ginin, a bangon inci tara, katakon kuma ya kai inci takwas a tsayi. Bol mai milimita 12 da ya ratsa katako mai inci biyu kada a lissafa masa fiye da kilo 200, domin kafin ƙarfen ya gaza naman katakon da ke samansa ne zai murƙushe ko ya tsage. Kilo 1,300 ke nan yana neman bol bakwai, kuma linta mai inci tara ba ta da wurin da za a yi mata huda bakwai cikin mita ɗaya da rabi ba a cuce ta ba. Lissafin da kansa yake nuna cewa tanki ba na bango ba ne. Ga barandar zama ko kaya marasa nauyi, a jera bol ɗin ɗaya sama ɗaya ƙasa don kada su tsaga katakon a layi guda, kowanne ya bar inci biyu daga gefen sama, da inci huɗu daga ƙarshen katakon, a sa washa mai faɗi a ƙarƙashin kowane kai. Haƙarƙari kuma su zauna a kan katakon ko cikin maratayin ƙarfe, ba a soke su da ƙusa a karkace ba. Bangon inci shida, bangon katanga, da bangon ƙasa, babu wanda ya cancanci wannan. Gari kamar Mubi da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ba a rasa wanda ya karanci gini a cikinsa, kuma abin da injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN zai karɓa don ya duba bango ya yi lissafin rabin shafi bai kai kuɗin tankin ba. Ɗan haya kuwa ya nemi izinin mai gida kafin ya huda masa linta.

Maganar kuɗi ita ce ta fi hana mutane. Amma a duba abin da aka ƙara: katako biyu na ƙafa, bim ɗaya a madadin katakon bango, ramuka biyu, buhun siminti ɗaya ko biyu, da bol. A ɗaya gefen akwai tanki da famfo da bututu, ko hatsin da aka zuba jarin shekara a ciki, da bangon ɗakin da mutane ke kwana a bayansa. A gidajenmu kuma ƙarƙashin tanki inuwa ce, nan ake wanke-wanke, nan yara ke wasa. Dandamali mai ƙafa huɗu yana da wata riba ga ɗan haya, don ranar tashi zai kwance bol ɗinsa ya tafi da kayansa, ya bar ramuka biyu ko uku da cokalin siminti zai toshe.

Ruwa shi ne abin da ke kashe aikin da aka yi daidai. Duk katakon da ya manne da filasta yana riƙe danshi a bayansa, saboda haka a sa washa uku ko huɗu a kan kowane bol tsakanin katako da bango, a bar tazarar da yatsa zai shiga, ruwa ya wuce iska ta bi. A saman haɗin a tsaga filasta a cusa bakin kwano a lanƙwasa shi ya rufe katakon, a toshe tsagar. A bar 'yar tazara tsakanin falanki da falanki. Bututun da ke zubar da ruwa idan tanki ya cika a ja shi ya sauka nesa da ƙafafun, domin wanda ya kunna injin bohol ya manta yana jiƙa dandamalinsa fiye da yadda damina ke yi. Bol da noti su zama masu rufin da ke hana tsatsa, idan ba a samu ba a shafe su da jan fenti da giris. A ɗaure tankin da waya ko bel a jikin bim, don wanda ba ruwa a cikinsa iska na iya ɗauke shi. Idan mutane za su hau, a yi makari mai tsayin mita ɗaya, tsakanin sandunansa kada ya wuce santimita 10, yadda kan yaro ba zai shiga ba, kuma ginshiƙan makarin da bol za a ɗaure su.

Ranar ɗora kaya ba a cika tanki a tashi ɗaya. A ja zare a miƙe a ƙarƙashin bim daga ƙafa zuwa ƙafa, a ja layi da fensir a bango daidai saman dandamalin, a kori kowa daga ƙarƙashi. A zuba rubu'i a duba, a kai rabi a bar shi ya kwana, sannan a cika. A tazarar mita ɗaya da rabi, lanƙwasar da ta wuce rabin santimita tana nufin bim ya yi kaɗan. Idan dandamalin ya sauka daga layin fensir, wata ƙafa tana nutsewa. Sabuwar tsaga a filasta kusa da bol, ko garin siminti da ke zubowa daga ramin, alama ce bango ya fara ɗaukar abin da ba nasa ba, sai a sauke ruwan a nemi dalili. Katakon da ake kawowa daga kudu yakan iso da sauran danshi, yana kuma tsukewa sosai a hunturun farko, don haka wajen Fabrairu ko Maris a bi kowane noti da sifana a ƙara ɗaure shi. Daga nan duk shekara kafin ruwan farko a soki gindin kowace ƙafa da bayan katakon bango da bakin sukudireba. Inda ya shige ba wahala, ko aka ga hanyar gara ta hau kankaren, a sauke kayan a canza katakon kafin a sake cikawa.